A Leƙa Cikin Furen Hatsinmu Kafin a Zargi Iri da Taki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin malaman jami'o'inmu da jami'an aikin gona da masu riƙe da lalitar gwamnati zuwa ga wani fanni na ilimin tsirrai wanda ba a cika jin an ambace shi a taron manoma ba, alhali a kansa cikar rumbu ta rataya. Fannin shi ne nazarin yadda barbara ke aukuwa a cikin furen hatsi, da yadda ɗan tayin ƙwaya ke fara ginuwa a kwanakinsa na farko. Na daɗe ina koyar da kimiyyar noma a makarantun sakandare a nan Sakkwato kafin in ajiye alli, amma sai da asara ta same ni a gonata sannan na koma na karanta wannan babi da natsuwar da ta kamace shi.

A ranin da ya wuce na yi shinkafa a fadamar Rima. Na makara da dashe, saboda haka ba ta fitar da kai ba sai cikin watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan ƙasa har mutum ba ya iya taka yashi ba takalmi. A daidai makon da take fure injin ban-ruwana ya tsaya, kuma kafin bakanike ya samo kayan gyara an yi kwana huɗu. Da ruwa ya dawo gona ta farfaɗo, ta yi kore shar, har masu wucewa suna yi mini barka. Bayan mako uku sai na lura da abin da ya sanyaya mini gwiwa: kan shinkafar da ya cika yakan sunkuya saboda nauyi, nawa kuwa mafi yawansu suna tsaye ƙiƙam. Na tsinko ɗaya na murza a tafin hannu, na hura, sai duk ya tashi, ƙaiƙayi ne zalla. Maƙwabcina na gabas ya ce jabun iri aka sayar mini, na yamma ya ce takin ne gauraye da yashi, wata gwaggona kuma ta ce bakin mutane ne, tunda kowa ya yaba gonar. Ni dai na kwaso kawunan zuwa gida, na sa allura na buɗe kwansunan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin tabaron ƙara girma da na rage da shi tun ina aji. A cikin kowanne na tarar da mahaifar furen ta bushe a yadda aka halicce ta, ba ta kumbura ba, ba ta taɓa yin madara ba. Ashe ba yunwa ce ta kashe ƙwayar ba bayan ta kafu, tun farko cikin ne bai shiga ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin tsaminsa a nan yana ɓoye a wurin da babu ɗayanmu da ya yi tunanin dubawa.

Duk da bambancin kamanninsu, gero da dawa da masara da shinkafa da alkama 'yan gida ɗaya ne da gamba da kyasuwa da ƙarangiya, wato dangin ciyawa, kuma tsarin haihuwarsu guda ne. Furensu ba shi da ado ba shi da ƙamshi, domin iska ce 'yar aikensa. Garin nan mai ruwan ɗorawa da ke manne wa rigar wanda ya ratsa gonar gero da hantsi, wanda muke kira bununi, shi ne ɓangaren namiji, kuma kowace ƙwayarsa guda tana ɗauke da ƙwayoyin namiji biyu. A gindin kowane fure akwai mahaifa 'yar mitsitsiya mai ƙwai ɗaya tak, a samanta kuma akwai gashi mai laushi da ke jiran bununi. Idan ƙwayar bununi ta sauka a kan gashin, sai ta tsotsi danshi ta tsirar da wani siririn bututu, shi kuma ya ratsa cikin gashin ya gangara har mahaifa. A bakin jakar da ƙwan yake ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta biyu kamar masu tsaron ƙofa, daga nan ne ake fitar da sinadarin da ke yi wa bututun jagora, kuma a cikin ɗayarsu yake fashewa ya saki kayan da ya ɗauko. Ƙwayar namiji ɗaya ta haɗu da ƙwai, daga nan ɗan tayi ke samuwa. Ɗayar kuma ta haɗu da wata babbar ƙwayar halitta da ke tsakiyar jakar, daga nan ake samun guzurin ɗan tayin, wato garin da ya cika tsabar hatsi. Barbara biyu ke nan a zuwa ɗaya. Wani masanin tsirrai mai suna Sergei Nawaschin ne ya fara ganin haka a birnin Kiyef a shekarar 1898, a jikin wasu furannin ado, kuma a 1899 Léon Guignard na Faransa ya gano abu ɗaya ba tare da sun haɗa kai ba. Idan aka bi ta nan, tuwon da muke ci da fura da kunu da masa duk guzurin ɗan tayin ciyawa ne da muka riga shi cinyewa.

Masara ce ta fi sauƙin nuna wa yaro wannan al'amari, domin ta raba namiji da mace a fili: bununinta yana can bisa kanta, macen kuma tana goyon da ke gefen kara. Kowane zare guda na gemun masara yana tafiya ne zuwa gurbin ƙwaya guda, kuma sai bununi ya sauka a kansa wannan gurbin zai cika. Zaren da ya taso daga gindin goyo yakan kai santimita 30, bututun bununi kuwa yana tafiyar kimanin santimita 1 a awa, ya isa mahaifa cikin kamar kwana guda. A ma'aunin halitta mai ƙanƙanta irin wannan, tafiya ce ta fatake. Wanda ya taɓa ɓare goyo ya tarar da shi da giɓi kamar bakin tsoho, to zarurrukan da ba su sami bununi ba ne yake kallo. Fari shi ne babban mai jawo haka, domin idan ruwa ya ɗauke, kan masara yakan zubar da bununinsa a kan kari, gemu kuwa ya yi nawar fitowa, har in ya fito ya tarar an watse. Masu binciken masara na cibiyar CIMMYT da ke Meziko sun samar da irin da ke jure fari ta hanyar zaɓen masarar da tazarar nan tsakanin bununi da gemu ta fi gajarta a jikinta. Akwai kuma abin da kowane mai gasa masara a bakin titi ya sani ba tare da ya san dalilinsa ba: idan aka shuka farar masara kusa da ja, a daminar nan za a ga jajayen ƙwayoyi jefi-jefi a cikin farin goyo. Launin yana cikin guzuri ne, guzurin kuwa yana da kason uba, shi ya sa uban ke bayyana tun a ƙwayar farko ba sai an sake shukawa ba.

Shinkafa ba ta da wannan yalwar lokaci. Kowane furenta yakan buɗe sau ɗaya ne a rayuwarsa, tsakanin hantsi da gab da azahar, na kimanin awa guda, sannan ya rufe ba ya sake buɗewa. Jakunkunan bununi shida da ke cikinsa dole su tsage a daidai wannan lokaci su zuba a kan gashin furen, kuma bununin da ya fito ba ya wuce 'yan mintuna da rai. A 1978 wasu masana 'yan Japan biyu, Satake da Yoshida, da ke aiki a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya a Filifin, sun nuna cewa idan zafi ya kai digiri 35 a ma'aunin Salshiyos a lokacin buɗewar fure, ko da na ɗan lokaci ne, jakunkunan ba sa tsagewa yadda ya kamata, bununin da ke isa gashi ya yi kaɗan, furen ya tashi a tutar babu. Mu kuwa a Afrilu digiri 40 ba labari ba ne. Sanyi ma yana da nasa ta'adin, domin idan dararen hunturu suka riski shinkafa tana da ciki, kwana goma zuwa mako biyu kafin ta fitar da kai, lokacin da bununi ke ginuwa, sai ya fito fanko. Manomin rani na Wurno ko Goronyo ko Kwalkwalawa yana tsakanin abubuwa biyu ke nan: in ya yi sammako hunturu ya kama shi, in ya makara bazara ta kama shi.

A nan ne nake son masu karatu su dakata, domin a nan hujjata take. Da adadin da aka samu a Filifin shi ne hukunci na ƙarshe, da ba a taɓa girbin shinkafar rani a ƙasar Sakkwato da Kabi ba, ga shi kuwa ana girbe ta. Binciken da aka yi a kwarin kogin Senegal, inda yanayi ya yi kama da namu, ya nuna cewa a busasshiyar iska shinkafar da saiwarta ke cikin ruwa tana fitar da tururi ta sanyaya kanta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, har zafin kanta ya gaza na iskar da ke kewaye da ita da digiri da dama. Abin da ke kashe fure shi ne zafin jikin furen, ba wanda ake faɗa a rediyo ba. Da injina ya tsaya, wannan randar ce ta bushe. Saboda haka amsar tambayar yaushe ya kamata a dasa wane iri a wace fadama ba ta cikin littafin wata ƙasa. Sai an zo an auna a nan, cikin iskarmu, musamman a makonnin da iska ke juyawa danshi ya fara shigowa alhali zafi bai sauka ba. Masu binciken Senegal sun tsara wa manomansu jadawalin shuka a kan wannan ilimi. An kuma san cewa shinkafarmu ta gado ta Afirka tana buɗe furenta da sassafe fiye da ta Asiya, ta gama sha'aninta kafin rana ta take, kuma wannan hali ne da ya cancanci a neme shi a cikin tsofaffin irin da har yanzu ke hannun manoman fadamunmu.

Gero ne ya fi damuna, domin shi ne abincin talakan Sakkwato, kuma shi ne wanda manyan ɗakunan binciken Turai da Asiya ba su ba shi kulawar da suka ba masara da shinkafa da alkama ba. A yankinmu na Sahel aka fara noma shi, an kuma tono shaidar hakan a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali mai shekaru kimanin 4,500. Tsarin furensa dabam ne: zangarniya takan fara fitar da fararen gasun mace, sai bayan kwana biyu ko uku bununinta ya biyo baya. Ma'anar haka ita ce mafi yawan ƙwayoyin da ke kan zangarniya ba 'ya'yan bununinta ba ne, na maƙwabta ne da iska ta kawo. Wannan ne ya sa ingantaccen iri irin Sosat yakan sauya kama bayan 'yan shekaru idan ana ta maimaita shi kusa da wani gero, manomi ya ce iri ya gaji, alhali surukai ya yi. Shi ne kuma asalin shibra, wadda ke samuwa daga cakuɗuwar geron gida da na daji, ta taso ba a bambanta ta da gero sai ta fitar da kai ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa. Abin sha'awa, da wannan suna namu na Hausa masana ke kiranta a rubuce-rubucensu. Masu binciken gero sun lura cewa idan bununin gida da na daji suka sauka a kan gashi ɗaya, na jinsin uwar yakan riga isa, kuma da ba don irin wannan tsere da ake yi a cikin gashin fure ba, da wuya gero ya riƙe kamanninsa dubban shekaru a gefen ɗan'uwansa na daji.

Ko cuta ma ta wannan ƙofa take shiga. Akwai ciwon da ke sa zangarniyar gero ta riƙa tsatsar da wani ruwa mai danƙo kamar zuma, daga baya wasu baƙaƙen ƙullutai masu guba su maye gurbin tsaba. Ƙwayar cutar tana bin gashin mace ne zuwa mahaifa, hanyar da bununi ke bi. Idan bununi ya riga ta, gashin yakan tsuke ya bushe cikin 'yan awowi, ƙofa ta rufe. Idan kuwa ruwan sama ya wanke bununi ko ya yi jinkiri, gashin ya daɗe a buɗe, cuta ta sami shiga. A dawa kuma wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke saka ƙwansa a cikin fure a ranar da ya buɗe, tsutsarsa ta shanye mahaifar, manomi ya ga kai babu ido ya ɗora laifin a kan fari.

Kwanakin da ke biye da barbara ma ba su da kasala. Guzuri ne ke fara aiki: cibiyoyin ƙwayoyinsa suna ta rabuwa ba tare da bango a tsakaninsu ba har kwana uku ko huɗu, sannan a gina bangaye, kuma yawan ɗakunan da aka gina a wannan mako shi ke iyakance yawan garin da ƙwaya za ta iya ɗauka daga baya. Idan ƙishirwa ta kama shuka a lokacin, sukarin da ganye ke aikowa ya ragu, sai ta zubar da wasu 'ya'yan, musamman na ƙarshen goyo, kuma duk ruwan da za a yi bayan nan ba zai dawo da su ba. Shi kuwa ƙwan da aka barbara yakan rabu gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma, daga nan ya zama ɗan dunƙule, ya fara fitar da wani faifai da zai jingina da guzuri, da kuben da zai kare tsiro idan ya zo huda ƙasa, da tushen saiwa. A shinkafa, cikin kwana goma an gama zana duk sassan jikinsa. A busasshiyar ƙwayar masara kuwa akwai ganye biyar ko shida a naɗe suna jiran ruwan shuka. Wanda ya juya ƙwayar masara ya ga wani ɗan farin tabo mai siffar ƙwai a gefe ɗaya, to ɗan tayin ke nan, kuma shi ɓera ke fara ƙwaƙulewa a rumbu saboda maiƙonsa. Na gero ya fi girma idan aka gwada da jikin ƙwayar, maiƙonsa kuma shi ne dalilin da ya sa garin gero ba ya jure ajiya, mai fura ta gwammace ta daka na yau a yau.

Wahalar nazarin waɗannan abubuwa ita ce ana yin su a ɓoye, a cikin jakar da ke cikin mahaifar da ke cikin kwanso. A jami'ar Hamburg ta Jamus, Erhard Kranz da Horst Lörz suka yi dabarar narkar da naman da ke kewaye da ƙwan masara har suka zaro shi da ransa, suka fasa bununi suka ɗauko ƙwayar namiji, suka haɗa su a ɗigon ruwa da ɗan bugun lantarki, kuma a 1993 suka ba da rahoton cewa sun reni abin da ya fito har ya zama cikakkiyar masara mai haihuwa. Ɗakin binciken Takashi Okamoto a Tokiyo ya yi wa shinkafa haka a 2007, ya yi wa alkama a 2019. Daga nan aka sami damar kallon ɗan tayi awa bayan awa, ana ganin waɗanne ƙwayoyin gado ne ke farkawa, wato masu ɗauke da siffofin da ɗa ke gada daga iyayensa, na uwa ne ko na uba.

Kada a ɗauka wasan masana ne. Shinkafar NERICA da ta bazu a Afirka ta Yamma ta fito ne daga auren shinkafar Asiya da ta Afirka, auren da 'ya'yansa galibi ba sa haihuwa, sai da Monty Jones na Saliyo da abokan aikinsa a Kwaddibuwa suka riƙa ciro 'yan tayi suna renonsu a kwalba a shekarun 1990, aikin da ya sa aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a 2004. Masu kyautata alkama kuma sukan zuba mata bununin masara ko na gero da gangan: ciki ya shiga, amma a rabe-raben farko ɗan tayin ya zubar da gadon baƙon uban gaba ɗaya, a ciro shi a rene shi a ninka gadon uwar, a sami tsantsar iri cikin zuriya biyu maimakon shida ko fiye. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na 2015, inda masu bincike a Tifton ta jihar Jojiya a Amurka, ƙarƙashin Peggy Ozias-Akins, suka ware wata ƙwayar gado daga wata ciyawar daji ta Gabashin Afirka, 'yar'uwar gero, suka sa wa gero, sai ƙwansa ya fara zama ɗan tayi ba tare da namiji ya taɓa shi ba. A 2019 ayarin Venkatesan Sundaresan na jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa a shinkafa ƙwayar namiji ce ke zuwa da makunnin da ke tayar da ɗan tayi, kuma idan aka kunna shi a cikin ƙwai, aka haɗa da wani gyara da ke hana gadon uwa rabuwa, 'ya'yan sukan fito sak uwarsu. Zuwa 2022 an kai ga fiye da kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin suna fitowa sak uwarsu a wata shinkafa mai aure, wato wadda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu. Amfanin wannan ga talaka a bayyane yake, domin matsalar iri mai aure ita ce ba a ajiye shi a sake shukawa, dole kowace shekara a koma kasuwa. Har yanzu abin bai iso gonar kowa ba, kuma tunda ya shafi taɓa ƙwayoyin gado, ina cikin masu ganin wajibi ne hukumar da ke kula da wannan fanni ta tantance shi a fili kafin a kawo mana. Amma kyasuwar da muke yanka wa tumaki a bayan gari tana cikin ciyayin da ke yin 'ya'ya ta wannan hanya tun fil azal, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗalibin da ya tashi yana yankan ta ya jira wani ya zo daga ƙetare ya bayyana masa ita ba.

Na san za a ce mutanen Isa da Sabon Birni ba sa iya zuwa gona saboda 'yan bindiga, buhun taki ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, wane ne ke da sukunin leƙen cikin fure? Maganar gaskiya ce, kuma tsaro shi ne gaba da komai. Sai dai wanda ya sayar da akuya ya sayi taki da fetur, sannan ya girbe ƙaiƙayi saboda kuskuren mako biyu a ranar dashe, asararsa ta fi ta wanda bai shuka ba. Ba kuma na'urar haɗa ƙwai da lantarki nake roƙo a fara saya ba. Matakin farko yana buƙatar madubin ganin ƙananan halittu, da ma'aunin zafi da za a maƙala a kan shinkafa, da 'yan jakunkunan takarda na rufe zangarniya, da allura, da ruwan aidin irin na asibiti, wanda in aka ɗiga wa bununi mai lafiya sai ya yi baƙi saboda garin da ke cikinsa, fankon kuwa ya tsaya fari. Sauran aikin na ɗalibi ne mai haƙurin zama a gona daga fitowar rana zuwa azahar yana rubuta ƙarfe nawa furen kowane iri ya buɗe, da nawa ne suka yi ido a cikin ɗari.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar aikin gona da sashen nazarin halittu, ga fadama a bakin ƙofarta, kuma ina kira gare ta da ta ware wa wannan fanni gurbi a cikin binciken ɗalibanta na digiri na biyu da na uku, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da gwamnatin jiha su ɗauki nauyinsa na shekaru a jere, domin fure sau ɗaya yake zuwa a damina, binciken shekara guda ba ya yanke hukunci. Abokan aiki ba su yi nisa ba: Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri ita ke da alhakin gero da alkama, ta Samaru a Zariya tana da dawa da masara, ta Badeggi tana da shinkafa, ICRISAT kuma, cibiyar duniya mai binciken amfanin gonar yankunan da ke ƙarancin ruwan sama, tana da ofis a Kano da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke sakin ruwan madatsar Goronyo, ita ce za ta fi kowa amfana da sanin makonnin da bai kamata ruwa ya yanke ba ko da na yini ɗaya. Abin da aka riga aka tabbatar kuwa bai kamata ya jira sabon bincike ba. Malaman gona su faɗa wa manoma a rediyo da Hausa cewa makon fure ba a yi masa rowar ruwa, kuma ba a feshi da hantsi a gonar da furenta ke buɗe. Ina kuma roƙon malaman Hausa su zauna da tsofaffin manoma su tattara kalmomin da suke da su na matakan fitar kai da bununi da zuba ido, domin ni kaina a wannan wasiƙa sai da na ari guzuri da faifai da kube kafin in iya faɗin abin da nake nufi.

A bana na ƙudura zan raba gonata gida uku in dasa kowane kashi da tazarar mako biyu, in kuma rubuta ranar da kowanne ya yi fure da abin da ya bayar. Duk malami ko ɗalibin da ke son wurin gwaji, ya nemi adireshina a ofishin wannan jarida. Akwai rumfa a bakin gonar, kuma injin an gyara shi.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin kimiyyar noma,
Sakkwato.